Motar Da Ta Ƙwace Mini, Da Horon Da Na Shiga Bayan Nan

Motar da ta ƙwace mini irin ƙananan motocin gudun nan ce masu ƙofa biyu da kujera biyu, inji a gaba, amma tayoyin baya ne ke tura ta. Giyar hannu ce, kuma tsohon yayi ce: tana da ABS a birki, wato na'urar da ke hana taya ƙullewa, amma ba ta da na'urar da ke hana mota zamewa. Kafin ita, duk motocin da na riƙe na gida ne masu ja da tayoyin gaba, kuma na yi shekara da shekaru ina tuƙi ko bamba ban taɓa gogewa ba. Da wannan sabon na hau ta.

Da sassafe abin ya faru. An yi yayyafi cikin dare bayan an daɗe ba a ga ruwa ba, kwalta ta yi duhu amma babu ruwa kwance. Kwanar mai faɗi ce zuwa dama, kullum nake shan ta, kuma ido wa ka raina, in ji masu iya magana, wanda nake gani yau da gobe. Na shiga a giya ta biyu, da na hango mafita sai na ba ta wuta. A ƙuguna na fara jin abin kafin hannuna ya sani. Kujera ta soma tafiya gefe, inji ya ɗaga murya ba tare da gudun ya ƙaru ba, gaban motar ya leƙa cikin kwanar fiye da yadda na murza. Na ɗauke ƙafa daga totur gaba ɗaya, na murza sitiyari hagu. Ta yi kamar za ta dawo hanya, sai kuma ta fizgo da ƙarfi zuwa ɗaya ɓangaren, sitiyarin yana can inda na bar shi. Daga nan sai yadda ta yi da ni. Ta ƙetare hannun masu tahowa, tayar baya ta daki dakalin gefen titi, ta tsaya cikin ciyawa tana fuskantar inda na fito. Inji ya mutu. Ina zaune ina kallon ƙafata ta hagu tana rawa a kan kuloci, sai ga wani mai keke da yaro a bayansa sun zo sun bi ta daidai layin da na ƙetare. Ya rage gudu, ya leƙo, ya yi mini sannu, ya wuce. Da ya riga fitowa da 'yan daƙiƙoƙi, da ba wannan labarin nake rubutawa ba.

'Yan'uwa da abokai suka yi ta jaje. Wasu suka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, Allah ya taƙaita. Wasu suka ce in sayar da ita, irin waɗannan motocin ba su da amana. Na yarda da ƙaddara, kuma na gode wa Allah da abin ya tsaya a kan ƙarfe. Amma kowane abu yana da sababi, kuma abin da ya hana ni barci shi ne na kasa faɗin sababin nawa. Gudun da nake yi ranar bai fi na kullum ba. Tunda ban san abin da ya jawo ba, ba ni da yadda zan hana shi sake faruwa. Na koma tuƙi a ɗarare, na ƙanƙame sitiyari kamar zai gudu, ina taka birki a tsakiyar kowace kwana, wanda daga baya na gane shi ma wani haɗarin ne.

Amsa ta farko a wurin bakanike na same ta. Yana canza rim ɗin da ya lanƙwashe sai ya kira ni: “Maigida, zo ka ga wani abu.” Ya goge gefen tayar da babban yatsa, ya nuna mini lambobi huɗu da ke ƙarshen rubutun DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera tayar, wato 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Nawa sun haura shekara takwas. Zanensu yana nan da zurfi domin wanda na saya a hannunsa bai cika hawa ba, amma robar ta bushe, ka danna farce ba ya shiga, ga 'yan tsage-tsage sirara a tsakanin zanen. Masu ƙera taya da yawa suna cewa kada ta wuce shekara goma komai kyanta a ido, wasu kamfanonin mota ma shida suke cewa. Na sa aka canza duka huɗun. Sai dai na san taya ba ta taka totur, ba ta kuma murza sitiyari, don haka na nemi makarantar koyar da sarrafa mota, irin wadda ke da rufaffen fili, na yi rajista.

Kafin ranar sun aiko da jerin abin da za a duba a mota, kuma abin da suka fi matsawa a kai man birki ne. Man birki yana shan danshin iska sannu a hankali. Irin DOT 4 idan sabo ne ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, amma idan ya sha ruwa yana iya sauka zuwa wajen 155, kuma da zarar ya tafasa a cikin bututu sai ka taka birki ya tafi ƙasa babu komai. Na canza shi. Da na isa, aka ce in kwashe duk abin da ke yawo a cikin mota, har robar ruwa da tabarmar ƙafa, domin ƙaramin abu idan ya gangara ƙarƙashin birki ya isa ya jawo babban abu.

Malamin da aka haɗa ni da shi dattijo ne mai sanyin murya. Bai tambaye ni ƙarfin doki nawa motar take da shi ba. Ya ce in zauna yadda na saba, ya dube ni, ya ce, “Ƙanena, a haka kwance kake.” Ya matso da kujerar gaba har sai da na iya danne kuloci ƙasa gwiwata tana a ɗan lanƙwashe. Ya miƙar da majinginar, ya ce in ɗora wuyan hannuna a saman sitiyari ba tare da kafaɗata ta bar kujera ba. Hannu ɗaya a ƙarfe tara, ɗaya a ƙarfe uku, kamar sitiyarin fuskar agogo ne, ƙafar hagu a kafe a kan matakin da ke gefen kuloci. Dalilinsa shi ne, wanda bai zauna daram ba da sitiyari yake riƙe jikinsa a cikin kwana, kuma hannun da ke riƙe jiki ba ya jin abin da tayoyin gaba ke faɗa. Na ji zaman ya takura ni da farko. Yanzu ko motar wani na shiga sai na gyara kujera haka kafin in tayar.

Darasin aji bai yi tsawo ba, amma a nan na samu kalmomin da zan bayyana wa kaina abin da ya faru. Duk nauyin mota da ƙarfinta a kan wurare huɗu suke taɓa ƙasa, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu da yawa ba. Riƙon da kowace taya take da shi iyakantacce ne, kuma shi ɗin ne dai ake rabawa tsakanin birki da totur da kwana. Malam ya zana da'ira a allo, wadda ake kira da sunan injiniyan Jamus Wunibald Kamm: duk abin da ka nema daga taya a cikin da'irar yake, idan kwana ta cinye mafi yawansa, ɗan abin da ya rage ne kawai na totur. Ruwa da ƙura da man da ya daɗe yana ɗiga a kwalta suna ƙanƙantar da da'irar, shi ya sa ruwan farko bayan dogon fari ya fi santsi. Tsohuwar roba ma tana ƙanƙantar da ita. Sannan riƙon da kwana ke buƙata ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba, ninkin gudu a kan kansa yake bi. Daga kilomita 60 a awa zuwa 70 a kwana ɗaya, ƙarin da ake nema daga taya kashi 36 ne cikin ɗari.

Ɗaya rabin bayanin nauyi ne. Ka taka birki ko ka ɗauke ƙafa daga totur, nauyi ya koma gaba, tayoyin baya su yi sakayau. Ka ba ta wuta, nauyi ya dawo baya. Da na ba shi labarin kwanata sai ya rarraba mini ita daki-daki. Totur ya wuce abin da tayoyin baya za su iya ɗauka alhali suna cikin aikin kwana, suka saki. Ɗauke ƙafa farat ɗaya ya zubar da nauyi gaba a lokacin da baya ke neman sa. Da gudun juyawar tayoyin baya ya ragu suka sake kama kwalta, amma sitiyari yana murɗe hagu, kuma gefen motar da ya danne ya saki abin da ya tara, sai ta bi inda tayoyin gaba ke nunawa. Ya ce fizga ta biyun nan ita ce ke fitar da mafi yawan mutane daga titi. Ya kuma ce abin ya fi tsanani a motocin da injinsu ke baya, shi ya sa Porsche 911 Turbo ta farko, ta 1975, ta yi suna wajen juya wa duk wanda ya tsorata ya ɗauke ƙafa a tsakiyar kwana.

A fili da birki muka fara. Ka miƙe, ka kai gudun da aka ce, ka iso robobin alama ka danne birki iya ƙarfinka. Na yi, na ɗauka na yi da kyau, sai Malam ya ce ko rabi ban taka ba. Mafi yawanmu haka muke, mun saba lallaɓa birki, kuma da ABS ya fara bugun tafin ƙafa sai mutum ya sassauta don yana zaton wani abu ya lalace. Bugun nan aikinsa ke nan, yana saki yana kamawa don kada taya ta ƙulle, kuma saboda shi ne kake iya kauce wa abu kana kan birki. Da na koyi dannewa da gaske bel ya kama ƙirjina, na ji warin roba, motar ta tsaya a tazarar da ban taɓa zaton za ta iya ba. Daga nan aka yi gwajin da har yau yake kaina. Na tsaya daga gudun 50, aka ajiye roba a daidai bambata. Na koma na taho da 70, na taka birki a wuri ɗaya. Tazarar ta kusa ninkawa, kuma a lissafi, lokacin da na wuce robar nan ina kan gudun da ya kusa 50. Duk wannan na san inda zan taka ke nan. A titi, mai gudun 100 yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa kafin ƙafarsa ta kai birki.

Inda na fi daɗewa, kuma inda na fi amfana, shi ne filin santsi. Da'ira ce babba ta siminti mai sulɓi, bututai suna feshe ta da ruwa, babu bango babu itace a kusa. A giya ta biyu ake zagayawa, gudun bai kai na cikin gari ba. Da farko ya sa na ƙara gudu a hankali har gaba ya soma turjewa: kana murza sitiyari, mota tana buɗewa waje, sitiyarin ya yi sako-sako a hannu, tayoyin gaba suna gurnani. Abin da jiki ke so shi ne ya ƙara murzawa, kuma hakan ƙara lalata abin yake yi. Magani shi ne ka ɗan sassauta totur, ka ɗan warware sitiyari, ka jira tayoyin su kama. Wannan bai ba ni wahala ba.

Zamewar baya ce ta ba ni aiki. Ya ce in danna totur da gangan. Na danna, ta juya, muka tsaya muna kallon baya, kuma gabana ya faɗi daidai yadda ya faɗi ranar nan. Malam bai ce komai ba sai da na sauke numfashi, sannan ya tambaye ni, “Ina kake kallo lokacin da ta tafi?” Na ce robobin da ke waje, waɗanda nake tsoron bugewa. Ya ce to can ka tafi. Hannu ido yake bi, duk abin da ka kafa wa ido shi za ka nufa. Ya nuna mini wata roba ja can gaba a kan da'irar, ya ce ko ta tagar gefe ce sai na nemo ta da ido, in bar hannuwa su yi aikinsu. Muka yi ta maimaitawa. Na juya, na sake juyawa, har wani zagaye da na ji ƙuguna ya ba ni labari da wuri, hannuna ya riga tunanina, motar ta tsaya a karkace tana tafiya, ruwa yana fallatsa a gilas ɗin gefe, idona yana kan jar robar.

Kama ta kashi ɗaya ne cikin uku. Yadda ya koya mini: ka murza da sauri zuwa inda bayan ke tafiya, daidai gwargwado, kana sassauta totur a hankali ba ka sake shi gaba ɗaya ba. Sai ka dakata. Akwai ɗan lokaci, bai kai ƙiftawa biyu ba, da bayan ke daina buɗewa, motar ta yi kamar ta tsaya cak a karkace. A nan ne za ka soma dawo da sitiyari, tun kafin ta fara dawowa da kanta, kuma da saurin da ka kai shi. Wanda ya jira ya ga ta dawo ya makara. Wannan dakatawar da dawowar su ne ban sani ba a kwanata, kuma su ne suka fi wuyar shiga jiki, domin a daidai lokacin zuciya tana ce maka an tsira. Idan kuma ta riga ta wuce kamawa, doka ɗaya ce: ƙafa biyu ƙasa, kuloci da birki, ka danne ka riƙe har ta tsaya cik, don kada ta sake kama ƙasa ta harba ka wani wajen, ko ta gangara da baya cikin masu tahowa.

Da rana ta yi na soma jin daɗin kaina. Ina kama ta sau da yawa fiye da yadda take kuɓuce mini, tsoron ya tafi, har ina ɗokin zagaye na gaba. A nan Malam ya fita ya jera robobi layi biyu, tsakaninsu mita uku da rabi, faɗin hannu ɗaya na babban titi. Ya ce in sake zamar da ita a tsakaninsu in kama. Na kama ta, kamu mai kyau, kuma na kwashe robobin waje da bayan motar. Na sake, na kwashe na ciki. Ko a zagayen da ya yaba, sai da na fita layin. Ya leƙo ta taga ya ce, “Ka ga ka iya. Amma kowace roba da ka ture, a titi mutum ce ko itace ko wata motar. Kuma a nan ka san za ta zame, ka san daidai inda za ta zame.”

Ya ba ni labarin da daga baya na bincika na tabbatar. Norwe ta wajabta wa sababbin direbobi horon tuƙi a kan santsi a 1979, amma binciken da aka yi bayan wasu shekaru ya nuna haɗurran samari maza a kan titi mai santsi ƙaruwa suka yi. An ga makamancin haka a Finlan a shekarun 1990. Horon ya ƙara musu yarda da kai fiye da yadda ya ƙara musu iyawa, sai suka riƙa shiga santsi da gudun da a da ba za su yi ba. Wannan ya sa aka sauya manufar irin waɗannan darussa a ƙasashen, aka mayar da hankali ga nuna wa direba ƙanƙantar abin da yake da iko a kai. Ina ganin duk makarantar da ta sallami ɗalibi yana jin ya zama gwanin kama mota, ba ta jera masa robobin nan ba, ta cuce shi, ta cuci waɗanda zai haɗu da su a hanya.

Sun kuma sa ni a motar makarantar mai na'urar ESP, wato mai hana mota zamewa, don in ji bambanci. Na'urar tana auna juyawar kowace taya, da inda sitiyari ke nunawa, da yadda motar ke juyawa a kan kanta. Idan baya ya soma buɗewa sai ta taka birkin tayar gaba ta waje ita kaɗai, ta rage wa inji ƙarfi, abin da babu direban da zai iya da ƙafarsa tunda birki ɗaya gare shi na tayoyi huɗu. Na yi irin dannawar da ke juya tawa, sai na ji ɗan gurnani a gefe guda, fitila ta ƙifta a dashbod, motar ta ci gaba da bin da'irarta. Bosch da Mercedes-Benz ne suka fito da ita a 1995, ta kuma yaɗu bayan 1997, lokacin da ƙaramar motar Mercedes mai suna A-Class ta kife a gwajin kauce wa dabba a Suwidin, kamfanin ya mayar da na'urar cikin kayan kowace A-Class. Amurka ta wajabta ta a sababbin motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma daga Nuwamban 2014. Ina jin takaici idan na ga mai sabuwar mota yana kashe ta a titi don a ce ya iya. Ita ma tana da iyaka, ba ta ƙirƙiro riƙon da taya ba ta da shi, amma da tana cikin motata ranar nan, mai yiwuwa da ƙiftawar fitila kawai zan gani.

Sai a zuwa na gaba aka bar ni na hau filin tsere, da hular kwano, Malam yana gefena. An fara da tutoci: rawaya haɗari a gaba, a rage gudu, babu wucewa, ja an tsayar da zagaye, shuɗiya akwai wanda ya fi ka sauri a baya, baƙa ka fito ana son magana da kai. Ba a wuce mutum sai a miƙaƙƙen wuri, kuma sai ya ba da hannu. Kowa hanya ɗaya yake bi, babu mai ƙafa, babu mahaɗa, bayan kowace kwana akwai fili ko tsakuwa da za su tare ka, ga motar asibiti a tsaye. Da na ga wannan tanadin duka na gane yawan abin da babu a titin da muke gwada ƙarfin inji a kansa.

Abin mamaki, kalmar da na fi ji a bakinsa ranar ita ce “jira”. Ka gama birki mota tana miƙe, ka sake shi a hankali, ka jira kafin ka karya, ka kusanci gefen ciki a makare, bayan tsakiyar kwanar. Wanda ya karya da wuri hanya takan ƙare masa a mafita, sai ya ƙara murza sitiyari a daidai inda yake ba ta wuta, wato abin da ke zamar da baya. Ya ce in ɗauka akwai igiya daga ƙasan sitiyari zuwa babban yatsan ƙafata: muddin sitiyari yana murɗe, igiyar ta ɗage ƙafar, sai gwargwadon yadda na warware shi zan iya dannawa. Da na bi wannan, kwanonin suka daina zuwar mini a guje. Idona yana can kwana ta gaba tun ina cikin wannan, tayoyin suka daina kuka, kuma ba tare da na nema ba na ga ina rufe tazarar da ke tsakanina da motocin da suka fi tawa ƙarfi.

Sau ɗaya tayoyina biyu suka sauka ciyawa a mafitar wata kwana. Kafin in yi komai na ji muryarsa, “Miƙe, miƙe, kada ka fizgo.” Na riƙe ta a miƙe, na sassauta totur, gudu ya ragu, sannan na hau kwalta a hankali. Fizgowa da sauri a irin wannan halin ita ce ke harba mota ta ƙetare titi, kuma abu ne da ke faruwa a kowace hanya mai gefen ƙasa, da kowace irin mota. Ƙananan abubuwa ma na koya: zagaye na ƙarshe a hankali ake yin sa don birki ya huce, ba a jan birkin hannu faya-fayan suna da zafi, iskar taya tana hawa idan ta ɗumama don haka a auna ta da an fito. Da yamma ya lura na soma makara a wurin birki, ya ce mu tsaya haka, gajiya ce, kuma a zagayen “bari in ƙara ɗaya” ake yawan lalata mota.

A titi yanzu tuƙina ya sauya ta hanyar da fasinja ba zai lura ba sai dai ya ce tafiyar ta yi laushi. Ina duban launin kwalta da sheƙinta, ina lura da inuwar itatuwa inda danshi ke daɗewa, da fentin layi da murfin ƙarfe idan an yi ruwa. Ina gama rage gudu kafin kwana, in an yi ruwa ina sha da giya ta sama don kada ƙarfi ya zo wa tayoyin baya farat ɗaya, kuma ba na ba ta wuta sai sitiyari ya kusa miƙewa. Ina auna iska tayoyin suna sanyi. Idan sha'awar gudu ta taso, ina da inda zan kai ta, wurin da aka tanada don haka.

Akwai sauran aiki. Har yanzu saukar da giyata ba ta yi santsi ba. A motar da baya ke turawa, idan ka sauko giya ka saki kuloci ba tare da ka ɗaga juyin inji ya dace da gudun ba, tayoyin baya sukan ja kamar an taɓa birkin hannu, kuma a jiƙaƙƙiyar kwalta wannan kaɗai ya isa ya zamar da ita. Maganinsa shi ne ka taɓa totur da gefen ƙafar dama alhali yatsunka suna kan birki, ba tare da nauyin birkin ya canza ba. Wannan ne Malam ya rubuta a takardata don zuwa na gaba. Na tambaye shi yaushe za mu fara shiga kwana da sauran birki a ƙafa, yadda masu tsere ke yi, ya ce sai ranar da ya rufe ido a gefena ya kasa gane lokacin da na canza giya.